AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Me Yaranmu Ke Nema A Cikin Ƙagaggun Labaran Turawan Ingila?

A wannan mako takardu uku muka ware, dukkansu daga jihar Kebbi, kuma da yake gindinsu ɗaya ne, sai muka ga ya fi kyau mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

Takarda ta farko ta fito ne daga wani Alhaji mai fataucin hatsi a kasuwar Jega. Ya ce ɗansa yana babbar sakandare, ya zaɓi wani darasi da ake kira Adabin Ingilishi, kullum dare yana riƙe da littafi, ga shi yanzu ya zo neman kuɗin sababbi. Da ya tambaye shi abin da ke ciki, sai yaron ya ce labarai ne da waɗansu Turawa suka ƙaga. Alhaji ya ce: "To ni abin da ya ɗaure mini kai, yaya za a yi in sayar da buhun gero in sayi ƙarya? In babu amfani ku gaya mini, in mayar da shi rumfa ya kama awo."

Ta biyu daga wani malami manomin albasa ne a Aliero. Ɗiyarsa ta sami gurbin karatun Ingilishi a jami'a, maƙwabta kuma suna ta ce masa in ya bar ta ta tafi, da halin Turawa za ta komo gida. Yana so ya san gaskiyar magana tun bai biya kuɗin rajista ba.

Ta uku kuwa wani saurayi ne daga Maiyama, manomi, wanda ya ji an ce wani Bature ya rubuta labarin dabbobin da suka kori mai gonarsu suka kafa mulkin kansu, har an mayar da shi Hausa. Yana tambaya shin gaskiya ne, kuma me ake nufi da shi.

To, madalla. Sai ku gyara zama.

MENE NE ƘAGAGGEN LABARI?

Alhaji, bari mu fara da taka. Ƙagaggen labari dai dogon labari ne da mutum ke zama ya tsara da kansa, ya raɗa wa mutanen ciki suna, ya ba kowa sana'a da hali, ya haɗa su da wata matsala, sannan ya bi su har ƙarshe a ga yadda kowa zai kwashe. Bambancinsa da tatsuniya shi ne, galibi ba Gizo ba Ƙoƙi. Mutane ne irinmu, masu bashi da aure da gado da gaba da kishi.

A Ingila wannan sana'a ta soma ƙarfi ne wajen shekara 300 da suka wuce. Wanda ake yawan ambata a farko shi ne Daniel Defoe, kuma za ka yi mamaki in ka ji cewa ɗan kasuwa ne kamarka. Ya yi fataucin safa da sauran kaya a Landan, ya karye a 1692, sai daga baya ya rungumi alƙalami. A 1719 ya fitar da littafin Robinson Crusoe, labarin mutumin da jirginsu ya nitse ya zauna shekara 28 a wani tsibiri. A ciki akwai inda mutumin ya sami ɗan irin sha'ir da shinkafa, bai san yanayin wurin ba, sai ya shuka kashi biyu cikin uku ya ɓoye sauran. Shukar farko ta ƙone don ya yi ta a bakin rani, wanda ya ɓoye ɗin nan shi ya cece shi. Wane manomi ne a ƙasar Gwandu zai ji wannan ya ce bai gane ba?

Bayansa an yi su da yawa. Akwai Jane Austen, mace, wadda ta rasu a 1817. Akwai Charles Dickens, wanda aka haifa a 1812, aka ɗaure ubansa saboda bashi yana ɗan shekara 12, har ya shiga aikin ƙwadago a masana'antar man goge takalmi. Wannan wahala ita ta sa littattafansa, irin su Oliver Twist, suka cika da marayu da mabarata da masu cin amanar kuɗin talakawa. Akwai George Eliot, wadda ita ma mace ce, sunanta na yanka Mary Ann Evans, ta ari sunan namiji don a ɗauki rubutunta da daraja. Akwai Thomas Hardy da George Orwell, waɗanda za mu dawo kansu. Hukumar jarrabawa ta WAEC takan sauya littattafan da take ɗora wa ɗalibai duk bayan shekara biyar, ta haɗa na marubutan Afirka da na waje. Alal misali, daga 2011 zuwa 2015 an karanta Lord of the Flies na William Golding, daga 2021 zuwa 2025 kuma an karanta Wuthering Heights na Emily Bronte.

SHIN ƘARYA CE?

Wannan tambaya taka, Alhaji, ba kai ka fara yin ta ba. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa don gasa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ya sha wuya kafin su yarda, domin a ganinsu alƙalami na ilimin addini ne da tarihi, labarin da bai faru ba kuwa aikin tsofaffi ne da yara da dare. Amma daga wannan gasa ce aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zo ya zama Firayim Minista. Ka ga ke nan ba aikin 'yan zaman kashe wando ba ne.

Kuma tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar nan, malamanmu na zaure suna karantar da Muƙamatul Hariri, wanda wani malamin Basra da ya rasu a 1122 ya wallafa. Labarai ne guda 50 na wani mayaudari mai zaƙin baki, Abu Zaidi, kuma kowane almajiri ya san ƙaga su aka yi. Don me ake karanta su? Don a ƙware a Larabci, a kuma san makircin mutane. Malam Abdullahi na Gwandu, ga shi nan kusa da ku, ya ambata da kansa cewa ya karanci waƙoƙin Larabawan Jahiliyya, mutanen da ba su ma riski Musulunci ba, saboda neman zurfin harshe. Abubakar Imam ma ya faɗi cewa daga Muƙama ya ɗauko dabarar Ruwan Bagaja.

Abin lura shi ne, ƙarya ita ce a gaya maka abin da ba haka yake ba don a cuce ka, kamar a sa tsakuwa a gindin buhu. Mai ƙagaggen labari kuwa tun daga bangon littafi ya shaida maka cewa shirya shi ya yi. Sunayen ne ƙagaggu, amma halayen da ke ciki, in marubucin ya iya, gaskiya ne tsagwaronta. Bari mu kawo maka misali daga cikin sana'arka.

MAGAJIN GARI MAI SAYAR DA HATSI

A 1886 Thomas Hardy, ɗan wani magini daga karkarar Dorset a kudancin Ingila, ya fitar da littafi mai suna The Mayor of Casterbridge, wato Magajin Garin Casterbridge. Tauraron labarin, Michael Henchard, saurayi ne mai ɗaurin ciyawa. Wata rana a cin kasuwa ya sha giya ya bugu, sai ya sa matarsa da jaririyarsu a gwanjo, wani ma'aikacin jirgin ruwa ya saya a kan fam biyar da sule biyar. Da gari ya waye hankalinsa ya komo, ya neme su bai gan su ba, sai ya yi rantsuwa ba zai ƙara kusantar giya ba har shekara 21.

Ya cika alkawari, ya dage da aiki, har ya zama babban attajirin hatsi, aka naɗa shi magajin gari. Amma fa hali zanen dutse. Mutum ne mai saurin fushi, mai yin ciniki da ka da baki, ba ya rubutu, lissafin buhuna ma da zanen alli yake yi. Wata shekara ya sayar wa gari alkamar da ta soma tsiro, burodi ya lalace, jama'a suka yi ta gunaguni. A nan ne ya haɗu da wani baƙon saurayi mai suna Farfrae, wanda ya nuna masa dabarar gyara alkamar. Henchard ya riƙe shi ya mai da shi wakilinsa. Yaron nan ya zo da littafin lissafi da sikeli da sakin fuska, kasuwa ta bunƙasa, har mutane suka fara cewa yaron ya fi maigida sanin aiki.

To ka ji inda aka haihu a ragaya. Kishi ya kama Henchard, ya sallami yaron. Yaron ya buɗe nasa wurin. Henchard ya ƙudura sai ya karya shi. Sai ya saci jiki ya tafi wurin wani boka mai duban yanayi, bokan ya ce masa ruwa zai ɓata girbin bana. Jin haka ya kwashe dukiyarsa kaf ya sayi hatsi ya tara, yana jiran tsada. Rana ta buɗe, sama ta yi garau, farashi ya faɗi, bashi ya taso masa, tilas ya sayar da asara. Bai daɗe da sayarwa ba sai ga ruwan ya sauko, farashi ya tashi, Farfrae da ya saya a lokacin araha ya kwashi riba. Daga nan asirin sayar da mata ya tonu a bainar jama'a, arziki ya karye, gidansa da rumbunansa suka koma hannun tsohon yaronsa, har ya zama shi ke yi masa ƙwadago. A ƙarshe ya mutu a wata bukka, ba kowa a kansa sai wani lebura da ya taɓa wulaƙantawa, wanda bai manta ba cewa Henchard ya kan aika wa tsohuwarsa gawayi lokacin sanyi.

Alhaji, don Allah ka duba kasuwar Jega tun tasowarka. Ba ka taɓa ganin mai tara hatsi don ya karya abokin gaba, abin ya juyo kansa ba? Kai kuma Malam na Aliero, ba ka taɓa ganin wanda ya cika rudu da albasa yana jiran tsadar ƙarshen shekara, ruɓa ta cinye rabi, ya sayar da sauran a firgice mako biyu kafin kuɗi ya hau ba? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin da littafi ke yi shi ne ya ba yaro wannan gani tun bai sa jarinsa ba.

YADDA AKE NAZARIN

Sai dai karatun da ake yi a makaranta ya wuce jin labari. Da jin labari ne kawai, ai da ba a biya kuɗi ba. Malami zai tsare ɗalibi da tambayoyi, kusan irin waɗanda ake yi a darasin adabin Hausa.

Na farko jigo, wato saƙon da labarin ya ɗauko. Me ya karya Henchard? Ƙaddara ce, ko halinsa, ko kuwa zamani ne ya sauya, mai sikeli da takarda ya ture mai ciniki da ka? Ɗalibi zai zaɓi matsayi, amma dole ya kawo hujja daga cikin littafin, shafi kaza, abu kaza ya faru. Faɗar baki ba hujja ba a ba ta maki.

Na biyu taurari, wato mutanen cikin labari. Shin Henchard mugu ne? In mugu ne, yaya aka yi yana ciyar da tsohuwar leburansa a ɓoye? Shin Farfrae mutumin kirki ne, ko dai mai sanyin zuciya ne wanda bai taɓa ƙaunar kowa da gaske ba? A nan yaro ke koyon cewa ba a yanke wa mutum hukunci da kallo ɗaya.

Na uku zubi da tsari. Me ya sa marubucin ya fara da gwanjon mata, sannan ya tsallake shekara 18 ya nuna mana mutumin cikin rigar sarauta? Don mai karatu ya riƙa jiran ranar da asiri zai tonu.

Na huɗu wuri da zamani. Hardy ya sa labarinsa ne a lokacin da dokar Ingila ke tare hatsin ƙasashen waje, kafin a soke ta a 1846, shi ya sa ruwan mako guda ke iya ɗaga farashi ko ya kayar da shi. Ka ga tarihi da tattalin arziki sun shigo ke nan.

Na biyar, wanda ya fi duka, wa ke ba da labarin, kuma me yake so in yarda da shi? Alhaji, in dillali ya zo yana yabon kaya, ai kunnenka ɗaya yana kan abin da ya faɗa, ɗayan yana kan abin da ya ƙi faɗa. To wannan ita ce sana'ar da ake koya wa ɗanka, sai dai shi a kan takarda yake yi.

GANDUN DABBOBI

Samarin Maiyama, abin da ka ji gaskiya ne. Sunan marubucin George Orwell, amma sunansa na ainihi Eric Blair. An haife shi a Indiya a 1903, ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a ƙasar Burma, abin ya ishe shi ya ajiye, ya rasu a 1950. Littafin ya fito a 1945 da sunan Animal Farm, Malam Bala Abdullahi Funtua kuma ya mayar da shi Hausa a 1975 da sunan Gandun Dabbobi, har ya ba dabbobin sunayen gida.

Dabbobin gandun Nomau ne suka gaji da yunwa da bulala, suka kore shi, suka rubuta dokoki bakwai na zaman daidai wa daida. Aladu, da yake su suka iya karatu, sai suka zama shugabanni. Sannu a hankali madara ta koma tasu, gidan Nomau ya koma nasu, ɗayansu mai suna Maitumbi ya yi kiwon karnuka ya kori abokin takararsa. Duk lokacin da suka taka wata doka, sai a bi dare a ƙara mata 'yan kalmomi a jikin bango, da safe a ce ai dama haka take. Sauran dabbobi ba su iya karatu sosai ba, sai su zargi ƙwaƙwalwarsu. Doki Akawal, wanda ya fi kowa aiki da biyayya, da ƙarfinsa ya ƙare sai aka sayar da shi ga mahauta aka ce asibiti aka kai shi.

Orwell yana zambo ne ga juyin juya halin Rasha na 1917 da mulkin Stalin. Amma ba sai ka san Rasha za ka gane shi ba. Duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar manoma aka tara kuɗin taki, takarda tana hannun mutum biyu, ranar rabo aka karanto abin da ba shi aka shirya ba, ya san gandun Nomau. Darasin a fili yake: jama'ar da ba ta iya karanta dokarta da kanta ba, sai abin da aka karanta mata.

TSORON MAHAIFI

Malam na Aliero, tsoronka yana da tushe, ba za mu ce maka babu ba. A cikin littattafan nan akwai shan giya, akwai soyayyar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, akwai masu shakka game da addini. Hardy ɗin nan ma, littattafansa biyu na ƙarshe sun tayar da ƙura a Ingila kanta, har bayan 1895 bai sake rubuta ƙagaggen labari ba. Amma karanta labarin ɓarawo ba ya mayar da mutum ɓarawo, in ba haka ba da alƙalai sun fi kowa sata.

Sau da yawa ma karatun kan sa yarinya ta ƙara sanin darajar abin da take da shi. Dubi Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813. Labarin wani mutum ne mai 'ya'ya mata biyar ba namiji. Bisa ƙa'idar da aka ɗaura wa gidan da gonakin, ran da ya mutu komai zai koma hannun wani ɗan'uwansa namiji na nesa, matarsa da 'ya'yansa su tashi a tutar babu. Shi ya sa uwar ta rikice da neman musu miji ko ta halin ƙaƙa. A Ingila sai a 1882 doka ta ba matar aure cikakken ikon mallakar dukiyarta. Ɗiyarka da ta karanta ayoyin gado a Suratun Nisa'i, in ta karanta wannan, wa kake jin za ta tausaya wa? Kuma ka sani mata daga Arewa sun bi wannan hanya sun komo da mutuncinsu. Zaynab Alkali ta karanci Ingilishi a Jami'ar Bayero ta Kano, ta rubuta The Stillborn a 1984 a kan rayuwar 'yan matan karkara, ta kuma zama farfesa.

Haɗarin gaske yana wani wuri dabam, shi ne yaro ya haɗiye duk abin da Bature ya rubuta ba tare da taunawa ba. Robinson Crusoe da muka yaba wa dabarar shukarsa, ka san ina za shi jirginsa ya nitse? Gaɓar Afirka za shi sayen bayi, kuma littafin bai ga aibin haka ba.

Ga wani misali na kusa da gida. Joyce Cary Bature ne haifaffen tsibirin Ayalan a 1888, wanda ya yi aikin Di'o a ƙasar Borgu, maƙwabciyarku ta kudu, wajen 1917, yana gina hanyoyi da gadoji. Ya bar aiki a 1920 ya koma Ingila ya zama marubuci. A 1939 ya fitar da Mister Johnson, labarin wani akawu baƙar fata a wani gari na Arewa, mai son kwaikwayon Turawa, mai waƙa da rawa da cin bashi, wanda ya taimaki Di'o murɗa lissafin baitulmali don a gina hanya, daga baya ya kashe wani Bature mai kanti. Da aka yanke masa hukuncin rataya, sai ya roƙi Di'on nan da ya harbe shi da hannunsa, yana ganin alfarma ce. Turawa suka yi ta yabon littafin.

An kawo wannan littafi aji a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948. Cikin ɗaliban akwai Chinua Achebe, wanda ya shiga da tallafin karatun likita, ya sauya zuwa Ingilishi da tarihi har ya rasa tallafin. Shi da abokansa suka karanta suka ce wannan ba mu ba ne, Bature ya kalle mu daga nesa ya zana abin da yake so ya gani. Wannan haushi yana daga abin da ya sa Achebe ya rubuta Things Fall Apart a 1958, littafin da aka fassara cikin harsuna fiye da 50. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma ka lura, da bai yi nazarin na Baturen ba, da bai san inda aka cuce shi ba, balle ya rama. Wanda aka zage shi da harshen da ba ya ji, ai har godiya zai yi.

INA ABINCI A CIKI?

Saura batun aljihu. Ba za mu ruɗe ku ba, takardar digiri a zamanin nan ba ta ba kowa tabbacin aiki, ko ta wane fanni ce. Amma ga abin da ke tabbatacce. A galibin jami'o'in Nijeriya, wanda ke son karatun lauya ana neman ya ci Adabin Ingilishi a jarrabawar gama sakandare, ya kuma rubuta shi a ta JAMB. Haka ga mai son digirin Ingilishi. Daga nan akwai koyarwa, da aikin jarida da rediyo, da fassara, da aikin ofis. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 ma da Ingilishi ake koyarwa a cikinta, kuma yaron da bai iya karanta dogon rubutu ya fahimta ba, ko injiniya yake so ya zama zai sha wuya. Ana karanta wannan fanni a tsofaffin jami'o'in Arewa, irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da kwalejojin horar da malamai.

Ko da yaro rumfa ya komo, bai yi asara ba. Mai kai albasa Legas ko Anaca, mai neman rancen banki, mai sa hannu a yarjejeniyar haya ko jingina, duk da takardar Ingilishi zai gamu. Gidan da ke da mai karanta takarda ya gane har abin da aka ɓoye a cikinta, ba a yi masa sakiyar da ba ruwa.

SHAWARARMU

Alhaji na Jega, kada ka cire shi, amma kuma kada ka zuba kuɗi ido rufe. Ka sa ya kawo maka jerin littattafan da makaranta ta rubuta, domin kaɗan ne, kuma ana samun na hannu wurin waɗanda suka gama, in dai shekarunsu ba su wuce ba. Sannan ka gwada shi. Bayan sallar isha'i ka zaunar da shi, ka ce ya ba ka labarin littafin da Hausa. In ya gama ka yi masa tambaya uku: wa ya yi kuskure a ciki, a ina ya fara kuskuren, kuma wa ka sani a garin nan mai irin halinsa? In ya amsa da hujja, kuɗinka bai faɗi a ƙasa ba. In ya tsaya yana sosa ƙeya, to haddar takaitaccen bayani yake yi don jarrabawa, sai ka sa ya koma ya karanta littafin tun daga farko. Ranar kasuwa kuma ya zo rumfa ya riƙe maka littafin lissafi, kamar Farfrae. Karatu bai hana awo ba.

Malam na Aliero, tarbiyyar da ka yi wa ɗiyarka shekara goma sha takwas, littafi bai isa ya rushe ta ba in dai ka ci gaba da zama uba. Ka bincika masaukinta da ƙawayenta, domin nan ne abin tsoro ya fi yawa. In ta zo hutu kai ma ka sa ta ba ka labarin abin da ta karanta, ka tambaye ta inda ta yarda da marubucin da inda ta ƙi. Ɗalibar da ke iya cewa a nan Bature ya yi gaskiya, a nan kuma ya yi son kai, ba a sace mata hankali ba.

Samarin Maiyama, ka nemi Gandun Dabbobi wurin masu sayar da littattafan Hausa ko malaman Hausa na sakandare. In ka samu, ka karanta wa abokanka a dandali, ku yi gardama a kai.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Mai wata tambaya ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take, sai ya rubuto mana. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa wa kasuwa albarka, ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.